Kafinta ya ce zai goge firem ɗin madubin Baba ya fesa masa ruwan gwal, in yarda?

Wata Hajiya daga Agege ta rubuto cewa mahaifinsu ya rasu ya bar babban madubi mai firem ruwan zinare da adon furanni, wanda ya saya tun ba a haife ta ba a hannun wani Bature da zai bar Ikoyi. Akwai kuma hoton kakansu cikin firem na baƙin katako. Yanzu kusurwar madubin ɗaya ta buɗe, furanni biyu sun gutsure, wani gari yana zuba a ƙasa, gilashin ya yi baƙaƙen tabo, hoton kuma ya manne da gilashinsa. Kafintan unguwa ya ce zai goge da sanfefa, ya cike da filastar silin, ya fesa fentin gwal, ya sa sabon gilashi. Tana tambaya ko ta ba shi.

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ki ba shi, ko da kyauta zai yi. Ba mugunta kafintan ya nufa ba. Abin da ya lissafa shi ake yi wa tsohuwar ƙofa ko gado, kuma a can daidai ne. Amma a irin wannan firem, abin da sanfefa za ta cinye cikin minti goma shi ne dukiyar. Katakon da ke ƙarƙashi ba wani abin a zo a gani ba ne.

Hawa-hawa ake gina shi. A ƙasa akwai farin katako mai laushi na ƙasashen sanyi. A kansa ake shafa jeso, wato garin alli da aka dama da gam ɗin fatar zomo, shafi bisa shafi, wani lokaci har takwas ko goma, a goge ya yi sumul. Sai a bi da yumɓu mai laushi, ja ko rawaya. A kan yumɓun ake shimfiɗa ganyen zinare, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, numfashi ma tashi yake da shi. Wanda aka ɗora da ruwa ana murza shi da dutsen aƙiƙ har ya ɗauki ƙyalli. Wanda aka ɗora da mai ba ya murzuwa, haskensa a kwance yake. Firem mai kyau yakan haɗa duka biyun, tudu yana walƙiya, kwari yana lumshe, kuma wannan wasan hasken ne fentin gwangwani ba zai taɓa bayarwa ba.

Furannin da wuya a ce sassaƙa ne. Tun ƙarshen ƙarni na 18 masu yin firem a Ingila suka koma ga wani ƙulli da ake kira kwamfo: alli, gam ɗin fata, man linsid (man da masu fenti ke haɗa fenti da shi) da ƙaron itace, a cuɗa da zafi, a danna cikin mazubin katako, a manna a jikin firem. Yana tsufa yana tsukewa, shi ya sa za ki ga ƙananan tsaga a jere sun ratsa adon, kusan tazara ɗaya. Shekaru ne suka kawo su, kuma ba a cike su. Ki leƙa inda furen ya gutsure. Idan cikin launin ƙasa-ƙasa ne mai tauri, kwamfo ne. Idan fari ne fat yana barin gari a yatsa, filasta ce, kuma galibi aikin baya-baya ne. Idan kuwa zaren katako kika gani, sassaƙa ce, to abin da ke ɗakinki ya fi yadda kike zato.

Da daddare ki kashe fitila, ki haska tocilan waya daga gefe, hasken ya kwanta a jikin firem ɗin. Ki dubi tuddan da hannu da tsumma suka yi ta gogawa. In kin ga ja-ja yana leƙowa ta ƙarƙashin gwal, yumɓun nan ne, alama mai kyau. Ki bi wuri mai santsi da ido, za ki ga siraran layuka a tsaye duk bayan inci uku ko makamancin haka, inda ganye ya hau kan ganye. Zinare na gaskiya ba ya baƙi ko zai shekara ɗari biyu. Wanda ya yi duhu ko kore-kore ganyen tagulla ne, iskar gishirin Ikko kuwa ba ta raga masa. Idan kuma gwal ɗin ya dushe, da sawun burushi, ya malala cikin tsaga har ya rufe wuraren da suka gutsure, fenti ne, wani ya riga kafintanki. Ko a hakan kada ki fid da rai. Sau da yawa zinaren asali yana nan kwance ƙarƙashin fentin, ana ɗaga fentin da sinadari da auduga a bakin tsinke, inci bayan inci.

Bayan firem ya fi gabansa faɗin gaskiya. 'Yan'uwanmu masu sayar da kayan da a kasuwar Jakande ta Lekki, in ka miƙa musu irin wannan, baya suke fara dubawa. Ki sa mutum biyu su janye shi daga bango yana tsaye yadda yake, kada a kwantar, kada a cire komai. Ƙusa mai kusurwa huɗu da ke tsukewa zuwa baki tana nuna aikin kafin wajen 1890. Zagayayyar ƙusa irin tamu ta yau bayan nan ta yaɗu. Sukuru mai kan tauraro bai fito ba sai shekarun 1930. Tsohuwar jarida da aka cusa a baya tana taimakawa, Daily Times a 1926 ta fara fitowa, West African Pilot a 1937, ko da yake jarida ranar da aka buɗe bayan take nunawa, ba lallai ranar da aka ƙera ba. Takardar shago ko rubutun fensir, kada a ɓare. Idan kuwa kika tarar da ƙusar sitefula da katakon garin zarto da aka matse, adon kuma roba ne, to na kwantena ne, ki bar kafinta ya fesa abinsa, babu asara. Amma yadda kika ba da labarin, ban zaci haka ba.

Dalilin da na ce kada a kwantar shi ne gilashin. Tun ƙarni na 16 a Benis ta Italiya ake yin madubi da haɗin kuza da zaiba. A 1835 wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, ya fito da hanyar shafa azurfa, amma na zaiba bai bar kasuwa ba sai wajen 1900. Na zaiba haskensa toka-toka ne, in ya tsufa sai ki ga wasu wurare suna ƙyalƙyali ƙwaya-ƙwaya, ƙasansa ya yi hazo, wani lokaci har ƙananan ɗigo masu sheƙi su taru a gindin firem. Na azurfa kuwa daga gefe yake fara baƙi ko ruwan ƙasa yana cin ciki, bayansa kuma fenti ne.

Idan na zaiba ne, zaibar tana nan a narke cikin shafin, ta shekara da shekaru tana gangarowa. Kwantar da shi ko juya shi yana ƙara lalata shi, yana kuma zubo da ita. Tururinta guba ne kuma ba shi da wari. Ki fitar da shi daga ɗakin kwana da inda yara ke wasa, ki sa shi inda iska ke ratsawa. Ɗigon da ya zubo ba a share shi da tsintsiya, ba a zuƙe shi da inji. A sa safar hannu, a tattara da kati biyu, a zuba a kwalba mai murfi. Ki cire zobe da awarwaro kafin ki matsa kusa, domin zaiba tana kama gwal ta mai da shi fari. Irin wannan shafin ba ya gyaruwa, lallaɓa shi ake yi, kuma buɗe bayansa aikin wanda ya saba ne.

Idan na azurfa ne, hankali ya kwanta. Danshi ne ya shiga ta gefe, sai kuma ruwan goge gilashi mai amoniya da ake fesawa ya gangara ya taru a ƙasa. Daga yau a tsumma za a fesa, ba a madubin ba. Tabon da ya riga ya yi ba ya gogewa, domin a bayan gilashin yake. Ana iya wanke tsohuwar azurfar a shafa sabuwa, amma ni ban cika ba da wannan shawara ba sai tabon ya cinye tsakiya. Tsohon gilashi mai ɗan lanƙwasa da ƙananan kumfa a ciki, da tabonsa a gefe, ya fi dacewa da tsohon firem. Gilashin yau da ake zubawa a kan narkakken kuza, hanyar da kamfanin Pilkington ya bayyana a 1959, shafe yake sarai, a cikin tsohon firem sai ya yi tsuru. In dai dole kina son na duba fuska, a sa sabon, a naɗe tsohon a ajiye a tsaye, kada ya bi kafinta gida.

Garin da ke zuba shi ya fi komai gaggawa. Ki share wurin in babu ɗigon zaiba, ki shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ki bar ta mako biyu. In kika ga sabon gari mai laushi, fari-fari, da ƙananan huji da ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, ƙwaron katako ne kuma yana raye. In ƙwayoyi ne masu tauri da ke gurzar yatsa, garar busasshen katako ce, wadda ke zama a ciki ba ta neman ƙasa. In kuwa hanyar laka kika gani ta hau bango, garar ƙasa ce, maganar ta wuce madubi ta zama ta gida. Sau da yawa ba firem ɗin suka fara ci ba. Wani ne ya taɓa canza allon baya da falaiwud ko katakon obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, shi kuwa abincin ƙwaro ne. Irin wannan allon a cire a ƙone.

Magani shi ne maganin katako marar launi mai sinadarin fametirin, a ɗura da sirinji ta baya, huji bayan huji, kada ya taɓa fuskar gwal. Ban da kananzir, ban da baƙin mai, ban da Sniper, ban da Solignum mai launi da ake shafa wa katakon rufi. Mai yana ratsa katako ya ɓullo ta cikin jeso ya yi tabon da ba ya fita, bayan haka kuma gam ba zai sake kamawa ba. Kada a shanya shi a rana wai ƙwari su gudu, zafin zai ɗaga gwal ɗin kafin ya dami ƙwaron. Gidajen tarihi sukan rufe kaya cikin jaka ta musamman su janye iskar shaƙa na mako uku zuwa huɗu, komai ya mutu har ƙwai. Ko wace hanya aka bi, ki ci gaba da shimfiɗa ledar nan wata da watanni.

Kusurwar da ta buɗe da ɓawon da ke tashi duk aikin iskar garin nan ne. Da damina danshin iskar Legas yakan haura kashi 80 cikin ɗari, fumfuna kuwa daga wajen 70 take fara samun wuri. Disamba da Janairu hunturu ya leƙo ya busar. A ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki abin ya fi muni, a kawo wuta iska ta bushe, a ɗauke ta jiƙe, kullum. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, shi ya sa haɗin kusurwa ke buɗe baki. Jeso kuma ba ya iya bin katakon, sai ya saki.

Duk ɓarɓashin da ya faɗo, komai ƙanƙantarsa, ki tsince ki zuba a ƙaramar roba mai murfi. Da shi ake gyara. Yadda muke yi, a jiƙa gam ɗin fatar zomo kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma ya kwana, a ɗumama kofin a cikin ruwan zafi, kada ya wuce digiri 60, in ya tafasa ya mutu. A ɗiga ɗan sifirit a bakin ɓawon da ya ɗaga don ya buɗe hanya, a bi da gam a bakin siririn burushi, sai ki ga tsagar ta zuƙe shi da kanta. A ɗora takarda marar kamu, a danna da yatsa a hankali, a goge abin da ya fito nan take. A zafin Legas gam ɗin nan kamar miya yake, in ya kwana biyu a waje ya lalace, don haka kaɗan ake damawa a sa ragowar a firji. In ba a same shi ba, jelatin ɗin girki marar launi yana aiki, sai dai a karanta kwalin, domin wani daga alade ake yinsa.

Za ki ce ga Top Bond da sufa gulu da Araldite a kowane shago. Matsalarsu ita ce ba sa sakin abin da suka kama. Gam ɗin fata ko bayan shekara hamsin ɗan ɗumi da danshi zai sake shi, mai gyara na gaba ya yi aikinsa. Su kuwa sun fi jeson ƙarfi, in katako ya motsa, ba wurin da aka manna ne zai ɓalle ba, gefensa ne mai lafiya. Kusurwar ma haka. Kada a buga ƙusa, girgizar guduma kaɗai tana zubar da adon da ke ɗaya gefen. A kankare tsohon gam, a sa sabo, a ɗaure firem ɗin da majanyi bayan an yi masa matashi da tsumma. In ta ƙi haɗuwa kada a tilasta, a sa siririn katako a cike giɓin, a ƙarfafa ta baya da ƙarfe mai kusurwa da sukuru, bayan an huda wurin tukuna.

Furanni biyun da suka ɓata suna da 'yan'uwa a jikin firem ɗin, tunda daga mazubi ɗaya suka fito. Ana ɗaukar siffar mai lafiya da ƙullin silikon irin na likitocin haƙori, a zuba kwamfo ko filastar haƙori, wadda ta fi ta silin tauri da laushin fuska. A daidaita, a manna, a bi da jeso da yumɓu da ganye. Ganyen littafi-littafi ake sayar da shi, 25 a ciki, kowanne wajen santimita 8, karat 22 ko 23, daga waje yake zuwa kuma da dala yake tafiya. Wahalar ba ɗora shi ba ce, dusar da sabon ne har ya saje da tsohon. In kuɗin bai kama ba a yanzu, a shafa ɗan launin ƙasa mai ruwa a kan farin wurin don kada ido ya tsaya a kai, a bar shi haka. Ni na fi son ganin giɓin da aka bari da mutunci a kan furen da aka ƙaga da cikon masu gyaran mota.

Shara kuwa, burushin hoda sabo mai laushi ya ishe ki. Jiƙaƙƙen tsumma yana narkar da zinaren da aka ɗora da ruwa, shafa ɗaya sai ki ga ja. Ban da Brasso na goge tagulla, ban da lemon tsami, ban da omo.

Hoton kaka. Fuskar tsohon hoto jelatin ce, danshi ya kumbura ta ta kama gilashin. Kada ki ja, kada ki jiƙa, musamman in irin wanda aka yi wa kala da hannu ne. Ki kai shi situdiyo yadda yake a ɗauki kwafinsa mai kyau ta cikin gilashin, a wanke, a rataye kwafin. Asalin a bar shi tare da gilashinsa su zama abu ɗaya, a ajiye inda babu rana babu laima. Duk hoton da za a sa a firem daga yanzu, har da zayyana da rubutun hannu, wanda tawadarsa ta ƙaro ce kuma ruwa ke narkar da ita, a sa masa kwali mai taga don kada ya taɓa gilashi, bayansa kuma kwali marar asid, ba katan ɗin taliya ba.

Firem ɗin hoton mai yiwuwa aikin gida ne. Legas ta daɗe da gwanayen kafintoci. Aguda da suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19 suka zauna a Popo Aguda cikin tsibiri, da Saro daga Saliyo, sun zo da sana'ar gini da ta katako, Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 shaida ne. Katakon zai kasance iroko ko mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu na Arewa. Ki ɗiga sifirit a auduga ki taɓa wani lungu ta baya inda shafin ya kai, in ya yi danƙo shelak ne, wato shafin sheƙin katako irin na da, wanda sifirit ke narkarwa. Wannan yana da haƙuri. A share, a shafa kakin zuma kaɗan, a murza. Kada a yi masa banish mai sheƙin roba.

Bayan gyara, inda aka rataye shi ne zai sa aikin ya daɗe ko ya koma gidan jiya cikin damina biyu. Bangon ciki, ba wanda ruwan sama ke duka ba, ba wanda bayansa banɗaki ne ba, ba saitin na'urar sanyi ba. Ki nisanta shi da kaskon turaren wuta, Hajiya, na san wannan da wuya, amma hayaƙin yana barin danƙo da ke kama ƙura, cire shi kuwa sai da taɓa gwal ɗin. A sa ɗan toshe na roba a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta ratsa tsakaninsa da bango. Maratayi biyu, na ƙarfen da ba ya tsatsa, cikin bulo sosai. Tsohuwar wayar da ke jiki a cire ta ko da ta yi kama da mai lafiya, domin daga ciki take ruɓewa.

Masu aikin ganyen zinare ba su da yawa a garin nan. Ki tambaya a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan ko za su nuna miki wanda suka sani, ko a shagunan da ke yi wa masu zane firem. Duk wanda aka kawo miki, ki tambaye shi da wane gam zai yi aiki, ki ce ya gwada a wuri kamar faɗin akwatin ashana ta gefe ki gani tukuna, ki kuma ɗauki hoton kowace kusurwa kafin madubin ya bar gida, a tsaye, a naɗe da bargo. Kafintan unguwa ma yana da rabonsa a aikin: sabon allon baya na busasshen iroko ko mahogani, ƙarafunan kusurwa, da rataya. Fuskar firem ɗin ce kawai za ki ce ya bar wa wani.